Ruwan La'asar da Ya Kusa Mayar da Ni Gida

Tun shekaranjiya na kasa zama wuri ɗaya. Saƙo ne ya faɗo a zauren tsofaffin ɗaliban kwalejinmu da muke da shi a waya, wai makarantar za ta tashi daga tsohon gininta na wajen unguwar Titiwangsa, a nan ƙasar mutanen Malay, ta koma saman wani dogon bene da ke manne da tashar jirgin ƙasa. Kafin a kulle ƙofa kuma ana gayyatar duk wanda ya taɓa zama a kan bencinta ya zo a ci abinci a tsakar gida, a yi hoto, a yi ban kwana. Na karanta saƙon nan ya fi sau goma. Na fito da babbar rigata na shanya, na ba da hula wanki, na kira mutanen da rabona da jin muryarsu tun kanmu yana baƙi. Zauren da a da sai a yi wata guda ba wanda ya yi ko tari a ciki, in ban da sanarwar haihuwa ko ta rasuwa, yanzu ya koma kasuwa. Wannan ya turo hoton da ya koɗe, wancan ya rantse yana tafe daga Kaduna ko da a ƙafa ne, wani kuma yana tambayar ko mai shayin makarantar yana raye. 'Yata ta ƙarama, wadda aka haifa a nan, ta ga ina ta kai-kawo a falo ta ce, "Baba, relax lah, makaranta ce kawai." Na ce mata ke dai ba za ki gane ba, na ci gaba da neman takalmina na fita kunya.

Na je na leƙa sabon wurin, don ni ba na iya jira a ba ni labari. Wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Daga ƙofar jirgi sai ka bi wata gada mai rufi har bakin lif, lif ya ɗauke ka ya dire a ƙofar aji, sanyin na'ura yana ratsa ka. Ba kiran suna, kowa ya shigo sai ya haska wayarsa a jikin wani allo ya wuce. Yaro zai iya gama karatunsa kaf ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa masa riga ba. Na yi musu murna har cikin raina. Amma da na tsaya a kan gadar nan ina kallon ruwa yana zuba a jikin gilashi, ga yara suna wucewa da busassun takalma, sai na ji dariya ta taso mini, don na tuna yadda ruwan garin nan ya kusa tattara ni ya mayar gida hannu rabbana.

Tsohuwar makarantarmu ba wata babba ba ce. Gini ne mai hawa uku, fentinsa ruwan ƙwai, da wata doguwar rumfar kwano a tsakar gida inda muke cin abinci, sai ɗakin aikin hannu a baya, inda mu masu koyon lantarki muke yini muna feɗe waya. Ko da idona a rufe zan iya gaya maka inda nake a cikinta, don kowane lungu da kukansa. Fankar ajinmu tana da wani ƙiiƙii da take yi duk zagaye na uku. Mai gadi shi ke buga ƙararrawa da hannu, in ya yi gyangyaɗi kuwa darasi ya ƙara tsawo. A ƙarƙashin rumfa ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shi cikin wani kofin, ga ƙarar faranti, ga harsunan Malay da Sinanci da Tamil da Larabci suna ta karo da juna, can a kusurwa kuma teburinmu na 'yan Najeriya, wanda ya fi kowane tebur surutu. Jaridarmu ita ce allon sanarwa na bakin matakala. Sakamakon jarrabawa a nan, wasan ƙwallo a nan, wanda ya yar da makullinsa a nan, wasiƙun gida ma a nan ake soke su da allura, in ka hango ambulan mai tambarin gida sai gabanka ya faɗi don murna tun kafin ka ga sunan wa ke kai. Kowace yammar Juma'a mu ke share ɗakin aikin hannu, mu naɗe wayoyi, mu jera kayan aiki a bango kowanne a kan ƙusarsa. Tsohon malamin da ke kula da ɗakin yana bin bayanmu yana cewa, "Wuta ba ta san kai sabon shiga ba ne, kashe ta kafin ka taɓa." Har yau in zan buɗe akwatin wuta sai na ji muryarsa.

A unguwar Kampung Baru na sauka, a ɗakin ƙasa na wani gidan katako. Mai gidan wata dattijuwa ce Bamaleya da muke kira Makcik, wato kamar a ce gwaggo. Ba ta jin Turanci sosai, mu ba ma jin Malay, amma ba ta taɓa barin mu fita ba ta ce "Makan, makan," wato ku ci, ku ci ba, tana miƙo shinkafar kwakwa a ƙunshin ganyen ayaba. Abokin ɗakina Bitrus ne, mutumin Jos, ya girme ni da shekaru, ya kuma riga ni zuwa da shekara guda. Oga Bitrus nake ce masa, shi kuma Malam yake kira na don tsokana. Shi ya nuna mini motar da zan hau, da shagon da ake sayar da katin waya a wajen Masjid India, da yadda ake cewa a ƙunsa maka abinci ka tafi da shi. Ranar Lahadi ya tafi coci da sassafe, ranar Juma'a ya tashe ni in yi wanka kada in rasa sahu. Ni kuwa a lokacin ji nake duniya sabuwa ce aka buɗe mini. Komai burge ni yake, har ganyen da ke fitowa a jikin kwalbati.

To, sai maganar ruwa. Ni mutumin can arewacin Gumel ne, inda ake yin wata takwas ana kallon sama. A garinmu ruwa baƙo ne mai daraja. In hadari ya haɗu, kasuwa watsewa take, a kora dabbobi gida, kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa ya saurara. Ranar ruwan shuka kuwa makarantar firamarenmu ba ka samun ko akuya a ciki, don shi kansa hedimasta yana gona da sunguminsa. Wanda ya yi alkawarin zuwa bai zo ba, in ya ce "ruwa ne ya tare ni," magana ta ƙare, ba mai ƙara tambaya. Babba ba ya tafiya cikin ruwa, sai yara masu wasa da wanda hankalinsa ya taɓu. Da wannan na tashi, da shi na hau jirgi, ban kuma taɓa zaton abu ne na garinmu kaɗai ba. Na ɗauka haka Allah ya tsara wa 'yan Adam duka.

Ranar da ruwan farko ya same ni a garin nan, wajen ƙarfe uku na yamma ne, ina shirin tafiya ajin lissafi na ƙarfe huɗu. Gari ya yi duhu, aka saki wata tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Wayyo daɗi! Na tsaya a bakin ƙofa ina shaƙar ƙamshin ƙasa, na leƙa sama na yi wa Makcik barka da ruwa da hannu, ta dube ni ta kasa gane abin murnar. Na ajiye jaka, na tuɓe takalmi, na miƙe a katifa ina jin kwano yana amsawa, na yi barcin da rabona da irinsa tun a ɗakin Innata. Washegari ƙarfe uku, ruwa. Jibi ma haka. Na ce lallai na zo a sa'a, bana damina ta yi albarka a ƙasar nan. Abin da ban sani ba, garin nan ba shi da wata sana'a da yamma sai ruwa, kuma ajin lissafi sau biyu ne a mako, duka ƙarfe huɗu.

Oga Bitrus da safe yake karatunsa, don haka yakan dawo ya tarar da ni a kwance. Ran nan ya tsaya a kaina yana karkaɗe laimarsa ya ce, "Malam, ba ka da class ne yau?"

Na ce, "Oga, ba ka ga ruwa ba?"

"Na gani mana, a cikinsa na dawo. So what?"

"Haba Oga, wane malami ne zai fito cikin wannan? Ai ko na je ni kaɗai zan tarar."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Mu a Jos in muka bi ta ruwa ai ko primary ba za mu gama ba. Tashi ka tafi, mutanen nan ba sa wasa da attendance."

Ban tashi ba. A raina na ce mutanen dutse dai ba su san darajar ruwa ba, shi ya sa. Makcik ma ta taɓa sauko mini da wata laima mai furanni ja, na karɓa na yi godiya na soke ta a bayan ƙofa, don ina ganin ƙato kamata da laimar furanni abin dariya ne. Malamar lissafin, Madam Lim, wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce Basiniya mai farin gilashi, ba ta dariya ba ta faɗa. Sau ɗaya ta tsayar da ni bayan darasi, a wata ranar da aka yi sa'a gari ya bushe, ta tambaye ni ina nake shiga. Na ce mata da ƙarfin gwiwata, "Ruwa ne, Madam." Ta dube ni ta saman gilashi, ta rubuta wani abu a rajista, ta ce in tafi. Na fita ina yaba mata a zuci, na ce tsohuwar nan akwai fahimta.

Ana cikin haka lokacin sabunta biza ya zo. Na ga sunana a allon sanarwa, ba a cikin wasiƙun gida ba, a wata 'yar takarda da ke cewa in je ofishin ɗalibai baƙi. Matar ofishin ta buɗe fayil ta juyo mini da shi. Layin lissafi duk jan biro ne. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana: ɗalibi baƙo ba a sabunta masa izinin zama sai makaranta ta shaida yana zuwa aji, nawa zuwan kuma bai kai ba. In malamar darasin ba ta sa hannu ta tsaya mini ba, ba za su iya tura fasfona ba, sai in fara haɗa kaya. Na ce, "Amma ai ranakun ruwa ne." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Sauran 'yan ajin a ina suke a ranakun?" Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta buɗe. Ashe duk yammar da nake kwance ina sauraron kwano, mutum talatin suna zaune Madam Lim tana kiran suna.

Ban san yadda na sauko daga matakalar nan ba. Ni ne ɗan fari a wurin Innata, ni ne kuma na farko a zuriyarmu da ya taɓa hawa jirgin sama. Ranar da zan taho, rabin gari ne ya rako ni bakin titi, tsofaffi suna tofa mini addu'a a ka, Inna kuwa saboda kunyar ɗan fari ko fitowa ba ta yi ba, ta bayan zana ta tsaya tana leƙe. Yanzu in koma ba takarda, a tambaye ni me ya faru, in ce me? Ban faɗi jarrabawa ba, ban yi faɗa ba, ban yi sata ba. In ce ruwa ne ya koro ni? A garin da ake fita roƙon ruwa? Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ji kunya ta fi tsoron.

Oga Bitrus bai ce "ai na gaya maka" ba, Allah ya saka masa. Ya ce in wanke fuska in je in sami matar, in faɗi gaskiya, kada in ƙara gishiri. Na same ta a ɗan ofishinta tana cin abinci a wani ƙaramin kwano. Na tsaya na zayyana mata komai, tun daga sungumin hedimasta har barcina na yamma. Ta ajiye tsinkayen cin abincinta tana saurare.

Ta ce, "A garinku wata nawa ake ruwa?"

Na ce, "Uku, Madam. In an yi sa'a huɗu."

"Kuma duk ranar da aka yi, kowa ya zauna a gida?"

"In ba gona za shi ba, Madam."

Ta ƙura mini ido tana auna ko raina mata hankali nake. Can ta ce, "A nan in ka ce sai ruwa ya ɗauke za ka fita, a bakin ƙofa za ka tsufa. Saura darasi tara zangon nan ya ƙare. Ka zo duka tara, ka amsa sunanka da bakinka, zan sa hannu. Ka rasa ɗaya, kada ka zo mini da labari, ko na ruwa ko na wuta. Boleh?"

Na ce, "Boleh, Madam," wato zan iya. Har ƙasa na durƙusa, ta ce in tashi in ba ta wuri ta ƙarasa abincinta.

A makonnin nan na koyi abin da 'ya'yan garin suka sani tun suna goye. Na zaro laimar furannin nan daga bayan ƙofa, Makcik ta gan ni da ita ta tafa hannu. Na koyi sa littattafai a leda biyu, in ƙulle takalmi a ta uku, in tafi da silifas, in naɗe ƙafar wando har gwiwa. Na koyi tsayawa nesa da bakin titi saboda motoci masu watsa ruwa. Abin mamaki, sai na ji daɗin abin. Ni da aka raina da cewa ruwan sama masassara ne, ga ni tsamo-tsamo a tsakiyar titi, ruwan ɗumi yana bin wuyana, ba abin da ya same ni ko atishawa. Wata rana ma rufe laimar na yi da gangan, ina tafe ina dariya ni kaɗai. 'Yan ajinmu suka gane abin da ake ciki, in Madam Lim ta kira sunana na amsa, sai a ji wani daga baya ya ce "Uku!" ko "Biyar!" ana ƙirga mini. Teburinmu na ƙarƙashin rumfa kuwa ba irin tsiyar da ba su yi mini ba, har waƙa suka yi wa laimar. Haka na kai takwas ba fashi.

Ranar ta tara ruwan bai jira yamma ba. Tun asuba ya fara, ba tsawa ba iska, zuba kawai yake ba ƙaƙƙautawa. Kafin azahar lambatun unguwa sun cika sun tumbatsa, ruwa ya fara shigowa ɗakinmu ta ƙarƙashin ƙofa. Muka kwashe katifu da akwatuna muka haura da su sama wurin Makcik, muka taya ta ɗaga buhun shinkafa da keken ɗinkinta. Da na ga ƙarfe ɗaya ta yi, na fara ƙulle littattafai a leda. Makcik ta riƙe mini hannu tana girgiza kai tana cewa, "Tak boleh, tak boleh," ba zai yiwu ba.

Oga Bitrus ya ce, "Malam, yau kam ka zauna. Wannan ba ruwa ba ne, flood ne. Motoci ba sa tafiya. Nobody will come, wallahi ko ita ba za ta zo ba."

Na ce, "Oga, maganar da na yi maka ke nan kwanaki ka yi mini dariya."

"Wancan daban, wannan daban! Ka iya iyo ne?"

"Ban iya ba."

"To fa!"

Na ce, "Cewa ta yi ko na ruwa ko na wuta. In na nutse a hanya, a ce wa Inna a hanyar makaranta na nutse. Ya fi a ce mata a kan katifa aka koro ni."

Ya dube ni ya ga ba wasa a idona. Ya ce to in bi tsakiyar titi, kada in kuskura in matsa gefe, don lambatun garin nan a buɗe suke kuma sun fi tsayina zurfi. Ya rako ni har bakin layi ya tsaya yana kallona, hannunsa a ka.

Laima ba ta da amfani a ranar, na bar ta. Na ɗora ledar littattafai a ka na dafe da hannu ɗaya kamar mai tallar gyaɗa. Da farko ruwan iya gwiwa ne, ja-ja, yana tafe da robobi da ganyen ayaba da takalman mutane. Da na gangara wajen da titi ya yi kwari sai ya kai mini ƙugu, yana ja na gefe da ƙarfi. Mutane a saman benaye suna ɗaga mini hannu suna ihu in koma. Wani ƙaton guza ya zo ya wuce ta gabana yana iyo hankalinsa kwance, ko kallo ban ishe shi ba. Silifas ɗina na hagu ya tafi, ban ko yi masa ban kwana ba. A wata mararraba na tsaya cak, don na ga ruwan yana juyawa a tsakiya, na karanto duk addu'ar da na sani. Allah ya kawo wasu ma'aikatan shagon mamak, irin shagon abincin nan na Indiyawa Musulmi, da suka ɗaura igiya daga turken fitila zuwa ƙofar shagonsu suna tsallakar da mutane. Na kama igiyar nan da hannu ɗaya, suna ta yi mini tsawa in saki ledar in kama da biyu, na ƙi. Da na tsallake, ɗayansu ya tambaye ni asibiti za ni ne, na ce makaranta. Ya juya ya gaya wa 'yan uwansa da yarensu, suka bushe da dariya.

Tafiyar da nake yi a minti arba'in, sai da ta ci mini kusan awa uku. Na isa ƙofar makaranta ƙafa ɗaya ba takalmi, laka har ƙirji. Tsakar gida ta zama tafki, kujerun rumfa suna yawo a kai, ba mai shayi ba kowa. Mai gadi yana tsugune a kan tebur a ɗakinsa, ya leƙo ya ce mini an rufe, an sallami kowa tun safe, ba aji yau. Wato ranar da ruwa ya zama uzuri na gaske, ranar ni kuma na zo. In ba a yi darasi ba, wa zai shaida na cika tara? Na ce masa ya bar ni in hau ko bangon ajin ne ya gan ni. Na bi matakala ina ɗiga, ba wuta, ba motsi, sai ƙarar ruwa. Da na kai hawa na biyu sai na ga ƙofar ajinmu a buɗe.

Tana zaune a kan kujerarta, rajista a gabanta. Takalmanta suna jingine a taga suna tsiyaya, siket ɗinta a jiƙe har sama da gwiwa, ƙafafunta tsirara a kan siminti, 'yan ƙanana, sun yi fari don sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta.

Ta dubi agogon hannunta ta ce, "Saura minti huɗu. Zauna."

Na ce, "Madam, an ce an rufe makaranta."

Ta ce, "An rufe. Amma na ce maka ka zo sau tara. In na ce ka zo, ai dole ka same ni." Daga baya na ji a can kan tudu ta bar motarta, ta tako sauran da ƙafa.

Ƙarfe huɗu daidai ta buɗe rajista. Na zaci sunana kawai za ta duba ta yi alama. Ina! Daga sama ta fara, yadda ta saba. Ta kira na farko, ta ɗan jira, ta yi alama. Ta kira na biyu, ta jira. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da ba kowa sai ni da kujeru, ruwa yana dukan taga, ni kuwa sunana yana can ƙasa. Ina zaune ruwa yana taruwa a ƙarƙashin bencina, na kasa kunne kamar ban san za a zo kaina ba. Da ta kira ni na miƙe tsaye na amsa da wata murya da ta cika ajin har ta fita baranda. Ta ɗago ta ce, "Na ji ka, ba kurma ba ce ni." A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Madam Lim tana murmushi. Sannan ta tashi ba takalmi ta ɗauki alli, ta koyar da ni darasin nan cif, awa biyu, har da aikin gida. Da ta gama ta zaro takardar ofis daga cikin leda, ta sa hannu, ta miƙo mini ta ce in riƙe ta da kyau kada ta jiƙe. Na karɓa da hannu biyu, hawaye yana zubo mini, na gode Allah da fuskata dama a jiƙe take.

Bayan 'yan makonni fasfona ya dawo da sabon hatimi, muka shiga sabon zango. A lokacin ba waya a hannun kowa. Ranar kasuwar garinmu Inna takan yi sammako ta je shagon wani mai tarho ta zauna jiran kirana. Na sayi kati a Masjid India na shiga akwatin tarho na bakin titi, ƙarfe uku na yamma a nan, can kuma safiya. Ina cikin danna lambobi hadari ya haɗu, kafin a ɗauka ruwa ya sauko.

Ta ce, "Kai ne?" don ba ta kama sunana.

Na ce, "Ni ne, Inna. Ina kwana? Ya gida, ya mutanen gari?"

"Lafiya lau. Sai dai shiru har yanzu, ba a yi shuka ba, jiya ma an fita roƙo. Wannan ƙarar fa da nake ji?"

"Ruwa ne, Inna."

"Ruwa? Ikon Allah! Kuna samu ke nan?"

"Kullum, Inna."

Ta ce, "Kullum. Allah mai iko. To ka ji, ka kiyaye, kada ka riƙa fita cikinsa, ka san jikinka ba ya son sanyi. In ka ga hadari ka zauna a ɗaki. Malaman ai mutane ne, sun san uzuri."

Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na ga ba zan iya ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban iya ba. Na ce, "To, Inna." Ta sa mini albarka, katin ya ƙare. Na mayar da kan tarho, na naɗe ƙafar wando, na fita cikin ruwan da sauri, don ina da aji ƙarfe huɗu.